Kakar da Na Bi 'Yan Dambe

Abin da na fara gani da muka isa Maigatari zare ne. An shanya shi a kan dangar zangon da aka sauke mu, dogo-dogo, kamar an wanke hanjin rago an rataye. Wani fari ne sabon tufka, wani kuma ya yi ja-ja saboda jinin da wanki bai fitar ba. Ga raƙuma sun cika bakin kasuwa, ga kanwa jibge, ga Buzaye da rawunansu, duk abubuwan da aka yi ta ba ni labarinsu a hanya, amma ni idona yana kan dangar nan. Na tsaya da tukunya a ka da allo a hammata ina kallo, har Gwaggo ta dungure ni ta baya.

"Ke, sauke tukunyar nan tukuna. Zaren ba gudu zai yi ba."

Zaren 'yan damben Damagaram ne, waɗanda suka riga mu sauka. Na lura nasu ya fi namu kauri, kuma sun ƙuƙƙulla shi nan da can. Namu Gwaggo ce take tufka shi a cinyarta, sumul yake fitowa, ba ƙulli ko ɗaya.

Gidanmu a Gumel gidan mahauta ne. Tun da mahaifinmu ya rasu, yayana ne yake riƙe da gidan, shi ke ci da Inna da ni da ƙannena. Da damina yana noma yana fawa. Amma da an gama girbi, an ɗaure dammuna, sai ya ajiye wuƙa ya ɗauki zare, shi da sauran samarin unguwarmu. Dambe a wurinsu sana'a ce. Gari ya aiko a kira su, ya sauke su, ya ciyar da su, in sun yi abin kirki a sallame su da damin gero da akuya da riga. Abin da Yaya ya samo a kaka, shi muke ci har ruwa ya sauka.

Ayarin yana da shugaba, Sarkin Dambe, wani dattijo mai shafaffen hanci wanda ba ya dariya sai an kashe abokin gaba. Akwai Baba Makaɗi mai kalangu. Akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda take yi musu tuwo, domin ɗan dambe ba ya cin abincin garin da ya je faɗa, tsoron sammu. A shekarar nan bayan Gwaggo ya fara ciwo, ta ce tana son mai taya ta daka. Shi ya sa ta je makarantar allonmu roƙon Malam ya ba ta ni.

Malam ya ɗago kai ya dube ta. "Dambe? 'Ya mace?"

"Ba ita za ta yi ba, Allah gafarta Malam. Daka za ta yi mini."

"To, ta tafi da allonta. In ta dawo ta manta karatu, ke zan zaunar a nan ki biya."

Daga ranar Yaya ya sa mini Malama, kowa a ayarin ya ɗauka. Ni dai ba mai magana ba ce. A makaranta ma sai Malam ya sunkuyo kafin ya tabbatar ina karatu. In babba ya yi mini tambaya, sai in ji harshena ya yi nauyi, in kama gefen zanena ina murzawa. Amma ido Allah ya ba ni. Abin da ya wuce ta gabana ba ya wucewa haka nan.

Ga yadda na ga dambe daga inda nake zama, kusa da murhun Gwaggo. Sai bayan la'asar ake farawa, rana ta yi sanyi, an share fage an tsince ƙarangiya. Ɗan dambe yakan dunƙule hannunsa mai ƙarfi a cikin tsumma, a naɗe shi da zare tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu, ya koma kamar kan taɓarya. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ake miƙawa gaba, shi ne garkuwa. Wanda gwiwarsa ko tafinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da zai miƙe yana dariya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne take. Duk ɗan damben da ya isa yana da nasa kiɗan, nasa shi kaɗai. A ƙa'idar ayarinmu ba mai shiga fage sai kalangu ya kira shi, ko da abokin gaba zai zo har gabansa yana zaginsa. In kuwa kalangu ya kira ka, ba zama. Ko loma ce a bakinka, ko zazzaɓi kake yi, sai ka tashi. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama ya gama dambe, ya kuma gama shiga mutane, domin yara ma sai su riƙa bin sa da waƙa a kasuwa.

A Maigatari na ga ƙarfin abin nan da idona. Akwai wani tsoho mai sayar da kanwa a bakin fage, gemunsa fari fat, yana cikin auna wa wata mata. Baba Makaɗi ya hango shi ya gane shi, ashe ɗan dambe ne tun kafin zuwan Nasara. Don tsokana kawai ya matse kalangu ya taɓa tsohon takensa. Sai tsohon nan ya saki mudu, kanwa ta watse, ya tuɓe riga ya faɗo fage jikinsa yana ɓari, yana kirari da bakin da ba haƙori. Da ƙyar aka rirriƙe shi. Matar kuwa tana tsaye da ƙwarya tana cewa, "Malam, kanwata fa? Malam!"

Da ya dawo hayyacinsa ya zo ya tsaya a kan Baba Makaɗi yana haki. "Tsohon banza, ka sa na zubar da jarina!"

"Ni na ce ka tashi? Gaisawa kawai muka yi."

Taken Yaya gajere ne. Bugu biyu masu nauyi, sannan a matse kalangu ya yi wata ƙara siririya, kamar uwa tana kiran ɗanta daga gona. In aka kaɗa shi, na sha gani, gashin hannun Yaya yakan miƙe kafin shi kansa ya miƙe.

Ranar kasuwa aka yi babban wasan. Samarinmu suka yi ta zubar da na Damagaram, har Gwaggo ta bar miya tana ƙuna tana guɗa. Can rana ta yi ƙasa sai suka fito da gwaninsu, wani dogo mai faɗin ƙirji, da kambu a damtse. Na lura ba ya ƙifta ido sosai, kuma in zai kai hannu sai ya ɗan taune leɓensa na ƙasa. Baba Makaɗi ya kaɗa taken Yaya.

Dogon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗan mahauci, ka yi sallama da gida kuwa?"

Yaya ya ce, "Na yi. Na ce su wasa wuƙa, ina tafe da bijimi."

Aka kwashe da dariya har da mutanensu. Suka yi turmi na farko, wato zagayen farko, suka yi na biyu, suka yi na uku, ba kisa. Duk hannun da dogon ya kawo, Yaya ya riga ya gan shi, ya kauce ko ya tare. Shi ma dogon ba ya barin a shigo masa. Da ladan ya kira magariba aka raba su. Sarkin Dambe da shugabansu suka tafa hannu a kan cewa idan kaka ta zo ƙarshe, mutanen Damagaram za su zo Gumel a ƙarasa.

Daga nan muka yi ta bin garuruwa. Jakai a gaba, awaki a baya, ni a tsakiya ina biya karatuna a zuci don kada ya gudu. Da asuba in ɗebo ruwa, in surfa gero, in wanke zaren jiya in shanya. Da hantsi in samu gindin bishiya in jingina allona in yi abin da ya sawwaƙa.

A wajen Gagarawa lokacin ana aikin hanyar jirgi, ana sare itatuwa ana tara ƙasa. 'Yan diga suka taru fal, mutanen garuruwa daban-daban, wasu ma ba ma jin yarensu. Ba su da zare, da igiyar rama suka ɗaura wa nasu hannu. Suka fito da wani ƙato wanda aka ce shi kaɗai yake ɗaukar gungumen da mutum da yawa suke kamawa. Ƙarfi kam yana da shi, amma bai san inda ake ajiye ƙafa ba. Ya kawo wa Yaya wani hannu da zai iya kayar da raƙumi, Yaya ya sunkuya, nauyin hannun ya ja mai shi ya kife da baki. Yaya bai ko taɓa shi ba. 'Yan diga suka yi ta gardama wai wannan ba kisa ba ne, Sarkin Dambe ya ce, "To ku tambayi ƙasa, ita ta karɓe shi." Duk da haka sun sallame mu da gishiri da sabulu.

A Ɗanzomo ne aka kashe mana mutum. Wani ɗan kawunmu ne, ƙaƙƙarfa amma mai ci. Wata Bafulatana ta kawo nono mai kyau, ya karya doka ya zauna ya shanye ƙwaryar fura guda ana gab da shiga fage. Aka ba shi hannu ɗaya a ciki ya durƙusa. Gwaggo ta yi kwana da kwanaki tana kiransa Sarkin Ludayi. Yaya ne ya rama mana a ranar, ya kashe gwanin garin tun kafin Gwaggo ta gama gyara ɗaurin zanenta ta miƙe kallo.

A kakar nan duk garin da muka shiga, ba a kashe Yaya ba. Labari yakan riga mu isa. Mata su leƙo ta kan danga, yara su biyo mu suna nuna shi. Jakanmu suka yi nauyi da gero har aka ƙaro wasu. Ni kaina na fara tafiya da kai a sama, ko da yake bakina a rufe yake.

Sule Tankarkar ne garin ƙarshe kafin gida. Wanda aka haɗa Yaya da shi wani gajere ne, manomi, ba wanda ya ɗauke shi bakin komai. Fagen garin yashi ne mai laushi. A turmi na farko ƙafar Yaya ta nutse a yashi, ya ɗan karkace, hannun gajeren ya same shi a gefen idon hagu. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an fasa duma. Yaya bai faɗi ba. Ya girgiza kai, ya yi murmushi, a turmi na biyu ya shimfiɗe mutumin. Aka yi ta guɗa, aka ba shi rago.

Washegari fuskarsa ta kumbura, idon ya rufe. Gwaggo ta yi ta gasa masa da tsumma da ruwan zafi, wanzamin garin ya zo ya yi masa ƙaho. Kafin mu kama hanyar Gumel kumburi ya saɓe, ido ya buɗe, fari tas, ba ja ba ruwa. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

A hanya na fara ganin abubuwa. Mun yada zango a wani ƙauye, na jingina allona a gindin tsamiya na tafi ɗibar ruwa. Ina dawowa na ga Yaya ya zo wucewa ya yi fatali da shi da ƙafar hagu. Yaya da ko tsumman da nake goge allo ba ya tsallakewa. Ya tsaya yana waige-waige, sai da ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya sannan ya ga abin da ya ture. Ya ɗauka da hannu biyu ya share masa ƙasa da rigarsa yana istigfari.

Da rana ya ɗauki tulu zai zuba ruwa a gora, ruwan ya zuba a gefe, a kan ƙafarsa. Ya gyara, ya sake zubawa a gefe. Ya yi tsaki ya ce bakin gorar ne ya yi ƙanƙanta.

Da yamma na kawo masa tuwo. Da gangan na zo ta hagunsa na durƙusa, kusa har ina jin warin man shanun da ya shafa a hannu. Na daɗe a nan riƙe da akushi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, ina Malama ta shiga da abincin nan ne?"

Na ce, "Ga ni, Yaya."

Ya zabura. Ya juyo ya dube ni da idon dama, ya daɗe yana dubana. Ya karɓi akushin ya ajiye bai buɗe ba.

"Tun yaushe kike nan?"

Na kama gefen zanena ina murzawa.

"Ke dai ba a ɓoye miki komai, ko? Kamar mage." Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa. "Duhu ne kawai, kamar an rufe taga. Zai washe."

"In bai washe ba fa, Yaya? Dogon nan yana zuwa."

"To sai me? Ido ɗaya bai isa ganin dogo ba?"

Ya yi dariya, amma ni ban yi ba, shi ma tasa ba ta daɗe ba. Ya buɗe akushi ya gutsuri loma ya riƙe ta a hannu.

"Malama, ki riƙe bakinki. In Sarkin Dambe ya ji, gobe duk Gumel ta ji, a ce na ga dogo na ƙirƙiro makanta. Gara a ɗauko ni a kan asabari."

"Ka ce ba ka da lafiya mana."

"Ba a cewa. Kin ga tsohon nan mai kanwa? In Baba ya taɓa kalangu, ƙafata ba tawa ba ce." Ya kai lomar baki. "Tashi ki je, miyarki ba gishiri."

Da muka iso Gumel aka tarye mu tun daga bakin gari. Inna ta ga gero ta ga awaki ta yi ta sa albarka. Na koma makaranta, Malam ya ce in biya, na biya ban yi tuntuɓe ba, ya ce ashe Gwaggo ta tsira. Amma hankalina ba ya kan allo. Kullum da sassafe Yaya yakan shiga bayan gida wajen turken awaki yana gwada hannu shi kaɗai, ni kuma ina leƙensa ta ramin zana.

Wanda yake dambe da hannun dama, gefen hagunsa yake juya wa abokin karawarsa, garkuwa a gaba, idon hagu a kan abokin gaba, rabin fuska a ɓoye a bayan kafaɗa. Haka Yaya yake tsayawa tun da na san shi. Yanzu kuwa sai na ga yana juyo da fuskarsa duka gaba don idon dama ya samu gani. Ya buɗe ta ke nan, kamar an ajiye faifai a rana. Idon da ya rage masa shi yake miƙawa. Na tuna ƙulle-ƙullen zaren Damagaram da tsawon hannun dogon nan. Na san in aka rufe wannan idon ma, Yaya ba zai ƙara riƙe wuƙa ko fartanya ba, sai dai ƙanena ya riƙa jan sa da sanda.

Na fara gwada Gwaggo. Muna tankaɗe na ce mata, a hankali, idon Yaya ba ya gani.

Ta ce, "Wane idon? Wanda na gasa da hannuna? Je ki dube shi, ya fi naki haske. Kada ki ja masa baki, ana shirin biki."

Na je wurin Sarkin Dambe. Na same shi a zaure da mutane, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni da shafaffen hancin nan ya ce, "Mene ne?" Duk maganar da na shirya ta tsere. Na ce Gwaggo ce ta ce in gaishe shi. Ya ce yana amsawa. Na fito ina jin haushin kaina. A hanya kuma na ga gara da ban faɗa ba, domin a gaban mutane ne, kuma abin da Yaya yake gudu ke nan.

Mutanen Damagaram suka iso, aka sauke su a zangon bakin kasuwa. Abin da ya faru da la'asar ɗin ranar wasan kowa a Gumel ya san shi, don haka shi zan fara faɗa.

Fage ya cika har kan katanga da kan bishiyoyi. Yaya yana zaune a gaban ayarinmu, an ɗaure masa hannu da sabon zare. Aka yi ƙananan wasanni, mu kashe, su kashe. Sannan dogon ya fito, ya zagaya fage yana kirari, ya zo ya tsaya a gaban Yaya ya nuna shi da dunƙulallen hannu. Jama'a suka ɗauki ihu. Kowa ya juya wajen Baba Makaɗi.

Baba Makaɗi ya gyara kalangu a hammata, ya ɗaga gula, ya kaɗa taken ɗan kawunmu mai shan fura.

Fage ya ɓarke da hayaniya. Ɗan kawun namu ya waiwaya hagu da dama, amma takensa ne, dole ya tashi. Sarkin Dambe ya taso ya tsaya a kan Baba Makaɗi.

"Kai, me kake yi haka? Ba shi ba!"

Baba Makaɗi ya kama kunne da hannu kamar bai ji ba. Da aka matsa masa ya ce, "Ya ɓace mini, Sarki. Na neme shi na rasa. Tsufa ne."

"Take ya ɓace maka? Taken da ka kaɗa a gari nawa?"

"To ga kalangun, kaɗa da kanka."

Ɗan kawunmu ya yi abin da zai iya. Ya tsaya turmi ɗaya cur, har ya sa dogon ya ja da baya sau ɗaya, a na biyu aka kwantar da shi. Dogon ya koma gaban Yaya ya yi ta zagi, ya ambaci bijimi, ya ambaci wuƙa. Yaya yana zaune, gumi yana zuba daga haɓarsa, ƙafarsa tana rawa a ƙasa, yana kallon Baba Makaɗi. Ba a kira shi ba, kuma kowa ya ga ba a kira shi ba. Har aka kira magariba. Mutanen Damagaram suka tafi da ragon da rigar da aka tanada.

Ba wanda ya ce Yaya ya ji tsoro. Cewa aka yi an cuce shi, da an bar shi da ya gama da dogon. Baba Makaɗi ne ya sha magana. Makaɗin da ya manta take abin dariya ne, samari suka riƙa tare shi a hanya suna tambayarsa ko ya tuna hanyar gidansa. Wasu suka ce mutanen Damagaram ne suka saye shi. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Idon Yaya na hagu bai washe ba. Da wata kakar ta zagayo ya ce gida ya yi masa yawa, ba zai bi ayari ba, kuma lokacin ba wanda zai ce don dogo ne. Yana nan a rumfarsa a kasuwa, yana yanka nama daidai, sai dai mai saye ya tsaya masa ta dama. Bai taɓa tambayata komai ba, ni ma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Abin da mutanen Gumel ba su sani ba shi ne abin da ya faru da hantsin wannan ranar. Na ɗauki allona kamar za ni makaranta, da na kai kwanar masallaci sai na saki hanya na nufi unguwar makaɗa. Na samu Baba Makaɗi shi kaɗai a gindin durumin ƙofar gidansa, ya shimfiɗa buzu, ya ajiye kalangu a rana don fatar ta ɗame, yana bin tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi.

"A'a, Malama da kanta? Yau wa'azi aka zo yi wa makaɗi?"

Na sunkuyar da kai. Na ga farcen babban yatsansa ya tsage, ya ɗaure shi da zare. Na ga fatar damtsensa na hagu ta yi kanta, inda kalangu yake zama. Na ga tururuwa tana jan ƙwayar gero ta gefen buzun. Duk na gani, magana ce ta ƙi fitowa.

"In kallon tsoho kika zo, jikata, sai ki biya. Ba a kallona kyauta."

Na ce, "Baba, idon Yaya na hagu ba ya gani."

Yatsansa ya tsaya a kan tsarkiya. "Ƙara faɗa, ban ji ba."

Na ɗaga murya, irin yadda ban taɓa ɗagawa a gaban babba ba. Na faɗa masa allon da aka ture, da ruwan da ya zube, da tuwon, da yadda Yaya yake juyo da fuskarsa yanzu. Har na miƙe na gwada masa tsayuwar, allo a hannun hagu a madadin garkuwa. Bai yi dariya ba.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. In ya ji na zo, ba zai ƙara yi mini magana ba."

"Sarkin Dambe ya sani?"

"Ba wanda ya sani."

Ya jawo kalangun daga rana ya ɗora a cinya, ya shafa fatar da tafin hannu.

"To ni me kike so in yi, jikata? Ni ba wanzami ba ne, ba ni da maganin ido."

Na koma na durƙusa, na ajiye allon a kan cinyata, na dube shi a fuska.

Na ce, "Baba, don Allah, yau kada ka kaɗa taken Yaya."